Abin da ke Riƙe Launi: Sana'ar Masu Fenti a Fagge da Sabon Gari

Idan aka buɗe littattafan da ake koyar da al'adun Hausawa da su a kwalejojin ilimi, aka je babin sana'o'i, jerin da za a tarar kusan ɗaya ne: noma da ƙira da jima da dukanci da saƙa da rini da sassaƙa da gini da wanzanci da fawa. Babu laifi a wannan jeri, domin kuwa sana'o'i ne da aka gada kaka da kakanni. Sai dai akwai wata sana'a da ta daɗe tana ciyar da gidaje a Kano, wadda aikinta yake gaban idon kowa dare da rana, amma ba a cika ba ta ko da sakin layi ɗaya ba. Wannan ita ce sana'ar masu zane da fenti, wato masu rubuta allon shago, da masu ƙawata jikin babbar mota, da masu zana hawan salla a kan ƙyalle don a rataya a falo ko a ofis. Duk wanda ya bi titin Ibrahim Taiwo a Fagge, ya ratsa Kantin Kwari, ya tsallaka titin Murtala Muhammad ya faɗa Sabon Gari, ya wuce aikin hannunsu sau ɗari ko da bai lura ba.

Dalilin da ya sa ya kamata malamin Hausa na gobe ya waiwayi wannan sana'a ya wuce cike giɓin jeri. Akwai wani ilimi a cikinta da yake neman salwanta, kuma salwantarsa tana cin aikin da ake yi, tana cin lafiyar masu yin sa. Jama'a sun ɗauka gwanintar mai zane tana ga ido da hannu, wato ya iya fitar da kamannin doki har a ce saura ya yi haniniya. Wannan rabin magana ne. Sauran rabin yana cikin gwangwani. Launi, kowane iri ne, gari ne kawai, idan aka barbaɗa shi a bango iska ce za ta kwashe shi. Dole sai an sami wani abu mai danƙo da zai tattara ƙwayoyin garin, ya manna su a jikin katako ko ƙarfe ko ƙyalle, ya riƙe su shekara da shekaru. Sanin wannan mariƙi, da abin da ake tsinka shi da shi, da shimfiɗar da ake yi masa, da lokacin da ake ba shi ya bushe, shi ne ƙashin bayan sana'ar. Maganar hukuncin zana abu mai rai, wadda malaman addini suka yi bayani a kanta, ba ita ce a gaba ba a nan, domin mai rubutun ado a masallaci da mai zana doki gwangwani ɗaya suke buɗewa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ilimi. Almajirin da yake dafa tawada ya san cewa baƙin gawayi ba zai zauna a allo ba sai an sa masa ƙaro, ya kuma san cewa idan ƙaron ya yi yawa rubutu zai yi ƙyalli ya tsattsage, idan ya yi kaɗan hannu zai goge shi. Maginan da suka yi wa gidajen birni ado da zanen dagi sun san makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, sun kuma san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara don ya kare bango daga ruwan sama. Marinan Ƙofar Mata kuwa, da aka ce karofinsu ya faro tun 1498, sun san yawan tokar da ake sa wa baba, da kwanakin da ake jira kafin rini ya nuna. Yaro yakan daɗe yana kallon maigidansa kafin a yarda ya taɓa haɗi. Da fentin kanti ya iso, sai ya zo a rufe cikin gwangwani, bayaninsa a rubuce da Turanci a jikin gwangwanin. Aka karɓi launin, aka bar bayanin.

Ba abin mamaki ba ne da sana'ar ta sami gindin zama a Fagge da Sabon Gari. Fagge tsohon zango ne na ayarin Azbinawa da sauran fatake a wajen ganuwa. Sabon Gari kuwa an yanka shi ne wajen 1913 domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Kanti yana buƙatar allo mai suna, motar haya tana buƙatar lamba da kirari, gidan sinima, tun daga Rex da aka buɗe a Sabon Gari a 1937, yana buƙatar allon da zai sanar da fim ɗin dare. A cikin cuɗanyar Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauran baƙi aka riƙa koyon aikin, shi ya sa kalmominsa suka zama na aro: burushi, gulos, tina, samfefa, banish.

Shi kansa zane da fentin mai ya girmi duk wannan nesa ba kusa ba. A 2008 masu bincike suka bayyana cewa wasu zane-zanen da ke cikin kogon duwatsun Bamiyan a Afganistan, na wajen ƙarni na 7, da launin da aka kwaɓa da mai aka yi su. A Turai, Jan van Eyck na ƙarni na 15 yana cikin waɗanda suka kai dabarar ƙololuwa. Hoton da ya yi na wani attajiri da matarsa a 1434 yana rataye a Landan har yau, launinsa kamar jiya aka shafa. A zamaninsa yaron shago ne yake niƙa launi a kan dutse ya kwaɓa da mai, don haka kafin ya taɓa burushi ya riga ya san halin kowane launi. Sai a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matso fenti daga ciki, niƙa ta koma hannun masana'anta. A nan gida kuma, sashen koyar da zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ya taso daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, kuma a can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu mai kiran a haɗa dabarar zamani da gadon gida. Ke nan ilimin fentin mai a rubuce ya fi shekara sittin yana zaune a Zariya, amma da ƙyar ake jin ɗuriyarsa a rumfunan Fagge.

Yadda mai yake bushewa

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, fentin mai ba ya bushewa irin bushewar wanki. Rigar da aka shanya ruwanta ne yake tashi ya bar ta. Man da ake kwaɓa fenti da shi ba ya tashi. Iskar oksijin yake zuƙa, sannu a hankali ƙwayoyinsa su sarƙe da juna har ya daskare ya zama fata mai tauri. Marini zai gane wannan nan take, domin shi ma yakan tsamo zane daga karofi yana kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Ba kowane mai ne yake da wannan hali ba. Wanda ya fi shahara shi ne man linsid, da ake matsa daga irin tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Man gyaɗa da manja da man kaɗanya kuwa ba sa daskarewa komai jira. Wanda ya ga fentinsa ya yi kauri ya tsiyaya masa man gyaɗa, ya ɗana wa ƙura tarko ne kawai. Saman zanen da aka yi da linsid yakan daina kama hannu cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, gwargwadon launi da kaurin shafi. Amma cikinsa yakan ɗauki wata shida zuwa shekara guda, shi ya sa ba a shafa wa sabon zane banish sai bayan wannan lokaci.

Galibin masu aiki a bakin titi ba fentin bututu suke amfani da shi ba, saboda tsadarsa. Gulos na gwangwani suke saye, wato fentin da aka yi don ƙofa da taga. Mariƙinsa wani danƙo ne na masana'anta da ake kira alkid, wanda ake dafawa da mai irin na waken suya, kuma yakan kama cikin dare ɗaya. Babu abin kunya a nan. Pablo Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Sifen, ya yi aiki da fentin gida mai suna Ripolin, kuma binciken kimiyya da aka bayyana a Amurka a 2013 ya ƙarfafa haka. Abin lura kawai shi ne, gulos don abu mai tauri aka yi shi, kuma yana daɗa taurara da tsufa. Idan aka lafta shi da kauri a kan ƙyalle, aka kuma naɗe ƙyallen kamar tabarma don a kai wa mai shi, to, tsagewa ba makawa.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne wurin tsinkawa. Abin da aka tanada don tsinka fentin mai shi ne tafentin, wanda ake samu daga danƙon wani itace, ko kuma farin ruwan da ake tacewa daga ɗanyen man fetur musamman don wannan aiki. Tinar fentin mota aba ce daban, mai ƙarfin da takan narkar da shafin ƙasa ta yamutsa shi. Abin da ake gani a rumfuna da yawa shi ne galan ɗin fetur ko kwalbar kananzir, don su ne a kusa. Fetur yana tashi da gaggawa har burushi ya riƙa ja, shafi ya fito layi-layi. Kananzir kuwa yana nawa, yana barin maiƙon da ke kashe ƙyalli. Wadda ta fi waɗannan muni ita ce yawan tsinkawa don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu. Abin tsinkawa ba ya riƙe komai, tashi yake yi ya tafi. Idan ya rinjayi mariƙi, abin da zai rage a allo gari ne da ɗan danƙo kaɗan. Ranar da aka kafa allon zai yi kyau, mai shago ya biya da murna. Bayan damina ɗaya ko biyu, a shafa hannu a ga launi ya biyo tafi kamar alli. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a nan wanda ya saya bai ma san araha aka sayar masa ba.

Haka kuma akwai ƙa'idar jeranta shafi, wadda masu zane suka daɗe da sani: shafin ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. Dalili kuwa shi ne, shafi mai yawan mai yana daɗewa yana motsi kafin ya zauna. Idan aka ɗora masa wani marar mai, na saman zai riga taurara, na ƙasan ya ci gaba da motsi, sai na saman ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Wannan ƙa'ida ba ta cin ko kwabo. Lokaci take ci, lokaci kuwa shi ne abin da mai ba da aiki ba ya son bayarwa. “Malam, gobe ake buɗe shagon nan, yau nake son allona.” “To, ranka ya daɗe, in Allah ya yarda kafin magariba.” Da wannan amsa an riga an yanke wa allon kwanakinsa. Maƙeri yakan ce wa manomi ya dawo jibi, marini yakan ce sai rini ya nuna, ba mai ganin laifinsu. Mai fenti ne kaɗai yake jin nauyin cewa aikinsa yana buƙatar kwana uku, domin shi kansa ba a taɓa bayyana masa dalili ba, balle ya bayyana wa Alhaji.

Wurin da ake ɗora fentin ma yana da nasa hali. Akoko ko wani farin yadin auduga da ake yankowa a Kantin Kwari a ɗaure a firam ba ya jure mai kai tsaye, domin man yakan shiga zare ya riƙa cin sa har ya yi rauni. Sai an fara toshe shi da gam da farin shafi, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi, a sake. Sabon kwanon da aka lulluɓe da tutiya, wanda ake yawan yin allon talla da shi, idan ya haɗu da mai sukan haifar da wani abu mai kama da sabulu a tsakaninsu, sai fentin ya kwaye kamar saɓar maciji. Sabuwar filastar siminti ma haka take yi saboda kaifinta irin na ruwan toka. Dole a ba ta makonni ta huce. Mai fentin da bai san wannan ba yakan ce fentin yanzu jabu ne. Wani lokaci da gaskiyarsa, domin jabu yana nan a kasuwa. Amma sau da yawa fentin lafiyarsa ƙalau, wurin da aka ɗora shi ne bai karɓe shi ba.

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su san yanayin Kano ba, a nan ne kuma sanin dattawan sana'a yake da daraja. Da hunturu, ƙurar da iska ke ɗaukowa daga Sahara takan sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan; gogaggen mai zane yakan yayyafa ruwa a ƙasan rumfa kafin ya fara, ya juya fuskar aiki ga bango idan ya gama. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, allon ƙarfe da aka bari a rana yakan gasa fenti, samansa ya kama cikinsa bai kama ba, ya yi ƙuraje. Da damina, musamman a Agusta, bushewa takan yi nawa, fumfuna ta kama bayan ƙyallen da aka jingina da bango mai danshi. Rana kuma ba ta yi wa launuka adalci. Jan kanti mai araha shi ne yake fara koɗewa, shi ya sa ake ganin tsofaffin alluna da rabin rubutu, baƙin yana nan, jan ya tafi. Launukan da asalinsu ƙasa ce su ne masu jimiri. Irin wannan sani a baki yake, ba a rubuta shi ba, kuma duk dattijon da ya kwanta dama da nasa yake tafiya.

Abin da ke shiga jiki

Da a ce asarar ta tsaya ga allo da ƙyalle, da da sauƙi. Rumfar mai fenti galibi ƙarama ce, wani lokaci kwantena ko shago marar taga, kuma a ciki ake wuni ana shaƙar tururin fetur da tina. Ciwon kai da jirin da ake ɗauka gajiya ce, sau da yawa daga nan suke. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Tun a 1989 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa aikin fenti kansa cikin jerin ayyukan da ke jawo sankara. Duk da haka, idan aka tashi aiki, da fetur ko kananzir yaro yake wanke hannu, fata ta bushe ta faffashe, sinadarin ya sami ƙofar shiga. Abin mamaki, man gyaɗan nan da ba shi da amfani a cikin fenti shi ne maganin wannan: a murza shi a hannu ya narkar da fentin, sannan a bi da sabulu da ruwa.

Sai kuma dalma. An daɗe ana sa ta a fentin mai don ta ba da rawaya da ja masu haske, ta gaggauta bushewa, ta hana ƙarfe tsatsa. Amurka ta haramta ta a fentin gida tun 1978. Binciken da aka yi wa fentin gulos na kasuwannin Nijeriya a shekarun 2000 ya gano dalma mai yawan gaske, musamman a launin rawaya; iyakar da hukumomin duniya ke kira a bi a yau ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mutanen Arewa ba sa buƙatar dogon bayani a kan gubar dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Waccan guba daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma dalma ɗaya ce, hanyar shigarta kuma ɗaya ce: ƙura ta hau hannu, hannu ya kai baki. Wa ake ba samfefa ya kankare tsohon allo a rumfa? Ƙaramin yaron shago. Wa yake zama a wurin ya ci ɗanwake da wannan hannu? Shi ne dai. Dalma ba ta nuna kanta nan take. Sannu a hankali take dakusar da ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Malamin firamare da yake da irin wannan yaro a ajinsa da safe yana iya ɗaukar sa daƙiƙi.

Har ila yau, tsumman da aka goge man linsid da shi, idan aka dunƙule aka jefa a lungu, yana iya kamawa da wuta da kansa, domin zuƙar iskar nan da ke busar da mai tana fitar da zafi, dunƙulallen tsumma kuma yana tara shi. Ga galan ɗin fetur a buɗe, ga janareta a bakin ƙofa. Ba sai an nemo misali daga nesa ba don a san abin da wuta ke yi a cunkoso irin na wannan yanki: a watan Maris na 2016 dubban shaguna suka ƙone a kasuwar Sabon Gari. Tsumma dai a baza shi a fili ya bushe, ko a nutsa shi a bokitin ruwa.

Mai sana'a zai iya cewa duk wannan zancen masu ƙoshi ne. Fentin bututu da man linsid da tafentin na gaske daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 suka ƙara yi wa talaka nisa. Ga kuma injin buga bana da kwamfuta, wanda ya ƙwace mafi yawan aikin allon talla da na 'yan siyasa, cikin sa'a guda ya fitar da hoto mai launi da araha. Wanda yake kokawa da wannan inji ne za a ce wa ya jira kwana uku? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma bai kamata wanda albashinsa ke zuwa ƙarshen wata ya yi mata dariya ba.

Sai dai idan aka auna ta da kyau, za a ga ilimin haɗi take goyon baya. Mai burushi ba zai taɓa cin inji a sauri ko a araha ba. Idan a wannan fage ya tsaya, an gama da shi. Abin da ya rage masa shi ne ƙarko. Bana takan koɗe ta yage cikin 'yan shekaru a ranar Kano, allon da aka yi wa shimfiɗa ta gari aka shafa bisa ƙa'ida kuwa yakan binne banoni da dama yana tsaye. Jikin babbar mota mai katako, da bangon makarantar yara, da rubutun ado a masallaci, da zanen da iyali ke so jikoki su gada, duk hannu suke nema. Mai fentin da ya tsinka fentinsa har ya zama bai kai bana daɗewa ba, ya sayar da abu ɗaya tak da ya rage masa. Bugu da ƙari, mafi yawan gyaran ba na kuɗi ba ne. Rufe gwangwani da buɗe ƙofa da jiƙa tsohon allo kafin a kankare shi da raba wurin cin abinci da wurin aiki, babu wanda yake bin farashin dala.

Ina ruwan malamin Hausa?

Yana da ruwa har da tsaki. Ilimin yana nan a rubuce, amma da Turanci, a ɗakunan karatu na jami'a. Masu buƙatarsa suna nan a Fagge da Sabon Gari, da Hausa da yawansu suke tunani da ciniki. Mai zanen jami'a yakan raina na bakin titi ya kira shi mai rubutun allo, na bakin titi kuma yana ganin na jami'a bai san kasuwa ba, alhali kuwa mai iri ɗaya ne yake bushewa a hannunsu. Wanda aka horar don ya ɗauko ilimi ya zuba shi cikin Hausa mai kyau shi ne zai iya sada su. Yadda ake tura ɗalibai maƙera da majema su tattaro sunayen kayan aiki, haka ya kamata a tura su rumfunan masu fenti su tattaro kalmomin sana'ar, na aro da na gida, su rubuta yadda dattawa ke bi da hunturu da damina, sannan a gwada abin da suka jiyo da abin da kimiyya ta ce. Za a tarar da kalmomin da ba su shiga ƙamus ba tukuna, da wuraren da Hausa ke neman sabuwar kalma. Ko wannan “mariƙi” da ake ta ambato a nan, sai masu sana'a sun karɓe shi zai zauna.

A bisa hanya kuma ɗalibi zai lura cewa masu fenti suna cikin marubutan Hausa da aka fi karantawa a birni. Wanda bai buɗe littafi ba tun barinsa makaranta yana karanta bayan mota da allon shago kullum. Idan mai rubutun bai san ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba, ya rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko kafa a maimakon ƙafa, to, kuskurensa ya fi na kowane littafi yawan masu karatu. Ziyarar sai ta zama ba ni gishiri in ba ka manda: ɗalibi ya koyi haɗi, mai fenti ya koyi ƙa'idar rubutu.

A aji kuwa, musamman na firamare, fentin mai da fetur ba su da wurin zama, ba a ma buƙatar su. Ƙaron da ake tsinta a dazukan Jigawa da Yobe da Borno, wanda Nijeriya ke cikin manyan masu fitar da shi tare da Sudan da Chadi, shi ne mariƙin fentin ruwa na masu zane a duk duniya. Ɗan akwatin launin da ake shigowa da shi da tsada, ta yiwu ƙaron cikinsa daga nan ya tafi. Malami zai iya jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, ya sa yara su niƙa jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, a raba kowane launi gida uku: ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ƙaro daidai wa daida, ɗaya da ƙaro mai yawa. A shafa a kwali a bari ya bushe. Washegari kowane yaro ya goga yatsa a kan ukun, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, a rubuta a allo. Idan an sami ɗan man linsid, malami ya ɗiga shi a gefe guda na gilashi, ya ɗiga man gyaɗa a ɗaya gefen, a ajiye inda iska ke shiga amma ƙura ba ta kai, a riƙa dubawa kowace Litinin har ƙarshen zangon karatu.